Turanci Biyu a Bakin Yaro Ɗaya

Kalmar da ta fi kowace rikita mu a wannan yanki ita ce “Turanci” kanta. Idan uba a Matankari ko Kore Mai Ruwa ya ce ɗansa ya iya Turanci, Faransanci yake nufi, harshen lakwal da buro da takardar magani. Idan uba a Kangiwa ko Argungu ya faɗi wannan magana, Ingilishi yake nufi. Su biyun kuwa Hausa ɗaya suke yi, wataƙila ma dangi ne, suna haɗuwa wurin biki da zaman makoki. Abin da ya raba bakinsu layi ne da Ingila da Faransa suka ja a kan takarda. Yarjejeniyarsu ta 1898 ta bi da iyaka ta tsakiyar Dallol Mawri, har inda ta haɗu da wata da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. Daga baya, a 1904 da 1906, aka sake zama aka matsar da layin. Da shatar farko ta tsaya, da garuruwa da yawa na gabashin kwarin nan yau Ingilishi ake yi a ajinsu, Faransanci kuma shi ne baƙo.

Shekara da shekaru wannan bai dami kowa ba. Ingilishi darasi ne a cikin darussa, yaro ya haddace abin da zai fid da shi ranar jarrabawa, ya fito ya zubar. Amma tun watan Maris na 2025 magana ta canza. Sabon kundin da hukumomin Yamai suka ƙaddamar ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, a watan ne kuma Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Iyayen da a da ba sa duba komai a takardar sakamako sai makin lissafi da na Faransanci, yanzu sukan tsayar da ni a kasuwa su ce, “Mushe, yaron nan yana jin Ingilishi kuwa?” Dama can akwai masu tura ƴaƴansu karatu Sakkwato ko Zariya ko Gana, ko jami'ar Maryam Abacha da ke Maraɗi inda ake koyarwa da Ingilishi, kuma su sun riga kowa sanin abin da kalma ɗaya take iya jawowa.

Na daɗe ina koyar da Ingilishi a kwalejojin karkara tsakanin Dutsi da Tibiri, kuma abin da jan bik ya nuna mini shi ne, yawancin kalmomin da yaranmu ke sa wa inda ba wurinsu ba, kowace tana da gidan da ta fito. Yaro ba ya fara Ingilishi sai ya shiga ajin farko na kwaleji, wanda muke kira siziyam. Kafin nan ya yi shekara shida da Faransanci, a ƙarƙashin Faransancin kuma akwai Hausar da ya sha a nono, ko Zabarmanci, ko Fulatanci. Ingilishi harshe na uku ne a bakinsa, wani ma na huɗu. Malamin da bai san ta wace ƙofa kuskure ya shigo ba zai yi ta ja masa layi har shekara huɗu, kuskuren yana nan daram.

Mu fara da wadda ta fi yi mana ɓarna, wato “pass”. A Faransanci “passer un examen” zama jarrabawa ne kawai: ka shiga ɗaki, an ba ka takarda, ka rubuta abin da Allah ya hore maka, ka fito. Ko ka ci ko ka faɗi, ka riga ka yi “passer”. A Ingilishi kuwa ba ka yi “pass” ba sai ka ci. Na san wata yarinya da ta gama rubuta BEPC, ta ari wayar yayanta ta aika wa kawunta da ke aiki a Sakkwato saƙo da Ingilishi, don ta nuna masa kuɗin da yake kashewa a kanta bai tafi a banza ba. Ta rubuta masa cewa jiya ta yi “pass” ɗin jarrabawarta. Kawu ya yi murna, ya shaida wa dangi, ya aiko da atamfa da kuɗin ɗinki. Da aka kira sakamako babu sunanta. Faɗuwar ba ta yi mata ciwo kamar maganar kawun ba, don cewa ya yi ta yi masa ƙarya. Sai da uwarta ta taka har gidana ta roƙe ni in kira shi in yi masa bayani. Na kira, ya saurara, ya ce to, amma daga muryarsa na ji bai gama yarda ba. A ganinsa malami ne ke rufa wa ɗalibarsa asiri.

Abin da ke ba ni mamaki game da wannan kalma shi ne, Hausa ba ta da wannan ruɗani ko kaɗan. Zama jarrabawa daban, cin jarrabawa daban, yaro ɗan shekara goma ya sani. Idan na ce wa aji “pass” cin jarrabawa ne, “sit” ko “take” kuma zama ne, magana ta ƙare a minti ɗaya. Idan na bi ta Faransanci, kamar yadda littattafan da muke da su da ƙananan ƙamusoshin da yara ke saya suke bi, sai in tarar ina warware igiya da hannun da ya ƙulla ta.

Kalmomin makaranta su ne ramin da ya fi zurfi, domin su ne yaro ke rubutawa a fom ranar da zai nemi gurbin karatu a ƙetare. A wurinmu duk mai koyarwa a kwaleji ko lise “professeur” ne. A Ingilishi “professor” ƙololuwar muƙamin jami'a ne, wanda mutum kan yi shekara ashirin yana rubuce-rubuce kafin ya taka. Wani abokin aikina ya je taron ƙara wa juna sani a hayin iyaka, ya rubuta “professor” a gaban sunansa da zuciya ɗaya, sai ga shi an ɗauke shi an kai babban tebur an zaunar tsakanin masu furfura, har aka miƙa masa abin magana. Mun daɗe muna yi masa dariya. Amma wanda ya rubuta a takardar neman aiki cewa yana da “licence”, yana nufin digirin farko, mai karantawa a Kano lasisin tuƙi zai fahimta, ya ture takardar gefe, kuma babu mai kiransa ya gaya masa dalili. Haka “formation” da yaro ke nufin horo da ita, da “stage” da yake nufin aikin koyon sana'a, da “notes” da yake nufin maki, da “promotion” da yake nufin ƴan ajinsu. Duk kalmomi ne na Ingilishi na gaskiya, kwamfuta ba za ta ja musu jan layi ba, sai dai kowace wani abu dabam take faɗa. Ko lissafin aji ya saɓa. Mu muna ƙirgawa daga sama zuwa ƙasa, shida, biyar, huɗu, uku, su kuwa daga ƙasa zuwa sama. Yaronmu ya ce yana aji shida, yana alfahari ya shiga kwaleji, ɗan'uwansa na Kangiwa ya ɗauka har yanzu yana firamare.

Akwai dalilin da ya sa harsunan nan biyu suka yi kama haka kuma suka saɓa haka, kuma nakan faɗa wa ɗalibai don su daina ganin abin kamar mugunta ce aka shirya musu. A 1066 sarkin Normandi, Wiliyam, ya ƙetara teku ya ci Ingila da yaƙi. Kusan shekara ɗari uku bayan haka Faransanci ne harshen fada da kotu a can, talakawa suna nasu. Ingilishi ya kwashi dubban kalmomi daga bakin masu mulki, sannan kowane harshe ya ci gaba da tafiyarsa, ma'anoni suka yi ta karkacewa. Kamar wa da ƙane ne da aka raba tun suna yara, ɗaya ya tashi a Damagaram ɗaya a Ilori: fuska ɗaya, hali dabam. Shi ya sa “librairie” kantin sayar da littafi ne, “library” kuma ɗakin karatu inda ake aro. “Actuellement” yanzu, “actually” a gaskiya. “Assister” a taro halarta ne, “assist” taimako. “Attendre” jira, “attend” halarta. Waɗannan ba sa tayar mini da hankali sosai, mai sauraro yakan gane daga sauran maganar.

Masu tayar mini da hankali su ne masu taɓa ladabi, domin su ne ke sa a yi wa yaro hukunci a kan halin da ba nasa ba. “Demander” roƙo ne ko tambaya, kalmar da ake buɗe kowace takardar neman alfarma da ita a Nijar. “Demand” a Ingilishi kuwa neman abu ne da gadara, irin na mai bin bashi da ya gaji da jira. Ka duba yaron da aka rena a gidan da ba a ɗaga ido a kalli babba, ya zauna ya rubuta wa magatakardan jami'a wasiƙa, ya fara da “I demand”. Shi a ransa ya durƙusa har ƙasa, mai karantawa kuwa ya ga ɗan iska. “Décevoir” ita ma haka: ɗalibi yana so ya ce makin da ya samu bai yi masa daɗi ba, sai ya rubuta wa malami “you deceived me”, wato ka yaudare ni. Wani yana so ya ce an zage shi, daga “injurier”, sai ya ce “he injured me”, a fara neman inda jini ke zuba. Sai “parent”. A Faransancinmu duk dangi “parent” ne, a Hausa ma iyaye sun haɗa da baffa da gwaggo da inna. Ingilishi ya ƙuntata ta ga uwa da uba kawai. Yaron da ya sa sunan baffansa a wannan gurbi bai yi ƙarya ba a al'adarmu, amma ranar da aka haɗa fom da takardar haihuwa aka ga suna biyu, shi za a tuhuma.

Kurakuran da ke shigowa ta ƙofar Hausa wani iri ne, kuma gaskiya ina jin tausayinsu fiye da na farko. Mu da “ara mini” da “na ara” duk tushe ɗaya ne, don haka yaro zai ce “borrow me your pen” har ya tsufa idan ba a nuna masa cewa Bature ya raba mai bayarwa da mai karɓa ba. Kalmar “ji” tana ɗauke da kunne da hanci da fata da fahimta, shi ya sa yaro ke “hear” ɗin ƙamshin miya, yake kuma cewa ba ya “hear” ɗin Ingilishi. “Sha” ta haɗa ruwa da magani da taba da wahala, sai ka ji an yi “drink” ɗin ƙwayar magani. Baƙon da ya sauka gidanka da baƙon da ba ka taɓa gani ba duk baƙo ne, sai yaro ya gabatar da abokin babansa a matsayin “stranger”. Wanda ya miƙe zai fita ya ce “I am coming” kuwa, “ina zuwa” ce ya sa wa riga.

Ba na auna waɗannan da mudu ɗaya. “Borrow” nakan gyara ta da ƙarfi, don magana ce ta bashi, kuma wanda bai bambanta mai bi da wanda ake bi a takarda ba zai iya sa hannu a abin da zai ci gonarsa. Amma “I am coming” daga Sakkwato har Ankara babu wanda ba zai gane ta ba. Nakan gaya wa yaro cewa mutumin Landan zai tsaya yana kallon ƙofa, in nuna masa abin da zai rubuta a jarrabawa, in wuce. Ba na cire masa maki biyu a kanta, in bar “demand” ta wuce don ta yi kama da Turanci mai kyau. Wannan shi ne abin da nake yawan gani a takardun da wasu ƴan'uwa malamai suka gyara: kuskuren da ke warin Hausa ya sha jan bik har da alamar mamaki, kuskuren da ke ƙamshin Faransanci ya wuce lafiya, alhali shi ne mai kā da mutum. Malamin ma ta Faransanci ya koyi nasa Ingilishin, don haka idonsa ba ya tsayawa a kan abin da ya saba gani.

Lissafi ma bai tsira ba, kuma a nan iyaye ƴan kasuwa za su fi ni bayani. Abin da rediyo a Yamai ke kira miliyar shi ne gidajen rediyon Kaduna ke kira biliyan, wato miliyan dubu. Amma “billion” a Faransanci miliyan sau miliyan ne, ya ninka na Ingilishi sau dubu. Ɗigo da waƙafi su ma sun yi musayar aiki: yaronmu ya rubuta 2,5 yana nufin biyu da rabi, ya rubuta 2.500 yana nufin dubu biyu da ɗari biyar, mai karatun Ingilishi ya karanta na biyun a matsayin biyu da rabi. A ƙarƙashin wannan duka ga dala. Uwa ta ba yaro “ɗari” ya sayo mai, sefa 500 ce a hannunsa, don dala ɗaya sefa biyar ce, jaka kuma 1000. Ya zo aji a ce ya rubuta ɗari, ya tsaya yana tunanin wace. Da dare ya ji a labarai an ce dala miliyan kaza, wannan kuma ta Amurka ce. Masana suna danganta sunan da tsohon kuɗin azurfa na Mariya Tareza mai ɗauke da shekarar 1780, wanda ya daɗe yana yawo a kasuwannin Afirka, kuma sunan kuɗin Amurka daga tushen kalmar nan ya fito. Ashe dalar kasuwar Dutsi da ta Amurka ƴan gida ɗaya ne, arziki ne ya raba su.

Furuci ba zan daɗe a kansa ba. Bahaushe yana fama da “p” da “f”, mutumin Arewa da ke cewa hwari da tahi ya fi kowa. Ana gyarawa da atisaye inda ma'ana za ta canza, kamar “pull” da “full”. Ban ga dalilin tsayar da yaro gaban aji ana yi masa dariya a kan abin da ministoci ke yi a talabijin ba.

Yanzu ga waɗanda ba na so. Ta farko ita ce “vernacular”, da ƴar'uwarta ta Faransanci “vernaculaire”. A makarantun hayin iyaka an daɗe ana cin tarar yaro ko a doke shi don ya yi “vernacular” a aji. A namu kuma akwai “symbole”, wani ƙashi ko gwangwani ko guntun itace da ake rataya wa wanda aka kama yana Hausa, shi kuma ya yi ta farautar wani da zai miƙa wa kafin a tashi. Manyanmu da yawa sun rataya shi. Kalmar daga Latin ta fito, daga “verna”, bawan da aka haifa a gidan ubangijinsa, abin da Sakkwatawa ke kira dimajo. Ba kowane malami da ke faɗar ta ya san haka ba, amma yaro yana jin nauyin ko bai san tarihin ba, domin bai taɓa jin an kira Faransanci ko Ingilishi da ita ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2001 doka ta lissafa harsunan ƙasa guda goma, ga kuma kundin 2025, amma har yau za ka ji mai ilimi ya ce yaro yana magana da “dialecte” ko “patois”. Harshen da BBC ke watsa labarai da shi tun 1957, wanda ake yin digiri na uku a kansa a Kano da Zariya.

Ta biyu ta fi ta farko ciwo: “illiterate”, ko “analphabète”, da fassarar da muka yi musu da kanmu, wato jahili. A asali kalmar Turawan tana nufin wanda bai san haruffa ba. Jahili a Hausa ya wuce nan nesa, shi ne wanda bai san komai ba, bai san Ubangijinsa ba, bai san ya kamata ba. Muka ɗauki wannan muka ɗora wa duk wanda bai shiga lakwal ba, har muka sa wa karatun manya suna yaƙi da jahilci. A kowace shekara nakan ba ɗalibai aikin su bayyana iyalinsu da Ingilishi, kuma a kowace shekara sai na karanta “my father is illiterate” daga yaron da na san ubansa ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta bashin abokan cinikinsa da ajami a littafi, yana lissafin buhunan dankali da ka kafin mai kwamfuta ya kunna ta. Nakan kira yaron gefe in tambaye shi, “Babanka yana karatu?” Ya ce yana yi, amma na Muhammadiyya. In ce to rubuta haka: yana karanta Larabci, yana rubuta Hausa da haruffan Larabci. Jimlar ta fi tsawo, ta fi koya masa Ingilishi, kuma ita ce gaskiya. Iyaye, idan ɗanku ya dawo gida yana kallonku wani iri bayan shekara biyu a kwaleji, wani lokaci daga irin wannan kalma abin ya faro.

Akwai kuma kalmar da mu muka ba Turawa suka mayar mana da ita a karkace. Sarauniya muƙami ne, kuma har yau akwai mai riƙe da shi a Lugu. Wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899 sunanta Mangu. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 sun kai labarinta duniya da rubutun Faransanci, “Sarraounia”, har mutane da yawa suka ɗauka sunan yanka ne. Ba laifin marubutan ba ne, sun yi mana aiki. Amma abin takaici ne ka ga yaron da garinsu bai kai tafiyar yini daga Lugu ba ya kwafo daga intanet cewa wata “witch” ce, wato mayya, mai suna Sarraounia. Ko “queen” ma ba ta cika ɗaukar ma'anar ba, don sarautarta ta al'ada da ƙasa ce, ba irin ta fadar Ingila ba. A nan yaron ne ya kamata ya gyara wa littafi, idan an ba shi ƙarfin gwiwar tambayar kakarsa.

Ina jin tsoron kada sabon matsayin Hausa ya haifar mana da wani “symbole” na cikin gida. Malamin da aka horar da daidaitacciyar Hausa, wadda ta fi kusa da ta Kano, zai iya fara ja wa “munka tahi” da “shina zuwa” da “biyat” jan layi, ya ce ba Hausa ba ce. Hausa ce tsantsa, ta Arewa da Sakkwato da Adar. Rubutu yana buƙatar ƙa'ida ɗaya, wannan ba gardama, amma akwai bambanci tsakanin “ga yadda ake rubutawa” da “ba ka iya ba”. Sunan garinmu ma shaida ne. Bafaranshen da ya rubuta “Doutchi” abin da kunnensa ya ji a bakin mutanen wurin ya rubuta, ba “dutse” irin na Kano ba.

Mushe kuwa, da ake kiranmu da ita, daga “monsieur” ta fito, kuma na san baƙi daga Kano sukan riƙe baki idan suka ji yara suna ihu “ga mushenmu nan tafe”, don su dabbar da ta mutu ba yanka suka sani. Karin sautin ya bambanta, mu ba ma ruɗewa. Ban ƙi ta ba. Watan da albashi ya makara ma nakan ga kamar masu sunan sun san abin da suke faɗa.

Waɗanda nake so su ne kalmomin Ingilishi da Hausa ta haɗiye tun kafin a haife mu, har suka manta asalinsu. Faransa ce ta mulke mu, amma mota da kayanta ta kudu suka shigo mana, ta hannun direbobi da fatake. Shi ya sa a tashar Dutsi, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Ƙonni da Maraɗi, za ka ji mota, direba, fasinja, lodi, taya, birki. Ita kanta tasha daga “station” take. A gida ga bokiti, ga tocila, ga hankici, ga cingam a bakin yara. Mutumin da bai taɓa riƙe kuɗin Ingila ba zai rantse maka ba shi da ko sisi ko kwabo, ga “sixpence” ga “copper”. Darasina na farko da ƴan siziyam ke nan kowace shekara. Nakan ce su kawo mini sunan duk abin da ke jikin mota da tasha, in rubuta a gefe ɗaya na allo, in rubuta na Ingilishi a ɗaya gefen. Kafin a buga ƙararrawa allo ya cika, yaron da ya shigo yana tsoron baƙon harshe ya ga ashe ya zo da guzuri. Wanda ubansa makanike ne ko ɗan kamasho, wanda galibi yake zama a baya shiru, ranar shi ne sarkin aji.

Daga wannan darasi ne na fara tambayar kaina me ya sa dole sai mun bi da yaro ta Faris kafin ya isa Landan, alhali hanya ta miƙe daga Hausa. Kayan aikin suna nan. Ƙamus ɗin Bargery na Hausa zuwa Ingilishi ya fito tun 1934, kuma yana nuna kalmomin da suka keɓanta da Sakkwato da Katsina da sauran wurare. Na Roxana Ma Newman, daga Ingilishi zuwa Hausa, ya fito a 1990. Malaman hayin iyaka sun yi shekaru suna tattara kurakuran da Bahaushe ke yi a Ingilishi, mu kuma mun san na mai Faransanci. Babu wanda ya haɗa biyun wuri ɗaya saboda yaron Arewa, wanda ke ɗauke da duka. Ni dai ina da wani tsohon kaye da nake rubuta su a ciki, shafi uku-uku: kalmar, ƙofar da ta shigo, da abin da za ta iya jawowa. Uban da bai iya ko ɗaya daga Turancin biyu ba shi ma yana da abin yi, kuma na ga masu yi. Idan yaro zai aika wasiƙa ko ya cika fom, sai a ce ya faɗi kowace jimla da Hausa tukuna, sannan a sa wani wanda ya yi karatu a hayi ya karanta Ingilishin ya mayar da shi Hausa, ba tare da ya ji na farkon ba. Inda maganar biyu ta saɓa, nan ramin yake.

Kalma ɗaya ce har yau ban samo mata gurbi a kayen ba, wato sannu. Yaro ya ga malami ya yi tuntuɓe ya ce “sorry”, Bature ya ce ai ba kai ka ture ni ba. Ya wuce manoma a gona ya ce “well done”, Bature ya ji kamar mai duba aiki ne ke ba da maki. Faransanci ma “du courage” kawai ya iya ba mu, wadda ba ta kai rabin hanya ba. Idan ɗalibai suka matsa mini in ba su fassararta, nakan ce su yi ta da Hausa, wanda aka yi wa zai tambaya.